Ruwan Teku a Idon Inna

Kwatano, 10 ga Janairu 1991

Zuwa ga Yayata Hindu, a Malbaza.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Kallamu da yara duka. Allah ya tsare masa ƙirjinsa daga ƙurar simintin da yake shaƙa kullum. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Matata Lantana ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ɗiyarmu Lauratu ta koma lakwal wajen karatun bokonta, ni kuma ina nan kwance ƙarƙashin manyan motocin mutane a gareji, baya na ciwo, hannu ba ya rabuwa da baƙin mai. Hamani direba ne zai kawo miki takardar. Ki sa a karanta miki ita a tsaye, Yaya, don ba ta jira ba ce.

Kin san halin da idon Inna yake ciki. Na dama yanar ido ta rufe shi, na hagu inuwa kawai yake gani. Akwai wani likitan ido da ke zuwa wani asibitin mishan nan kusa da mu duk shekara, daga Nowel, wato Kirsimeti, zuwa ƙarshen Janairu, yana cire yana, kuma na ga tsoffin da aka ja su da sanda suka fito da ƙafarsu. Safiya uku ina layi kafin a rubuta sunan Inna a kati. Maigidan garejinmu kirista ne, yana rufewa kwana goma saboda sallarsu, shi ne kaɗai hutun da nake samu. Na aika Badagishiri da kuɗin mota da saƙo a fili: ƙanenmu Labbo ya rako Inna, a yi mata aiki, in kai ta ta ga tekun da take jin labarinsa. Lantana ta share ɗaki, ta sayi sabuwar tabarma, ta yi ta neman inda ake sayar da gero don kar tsohuwa ta rasa furarta.

Ranar da jirgin ƙasa ya iso daga Faraku na tsaya ina ƙirga masu sauka. Ga Labbo da babbar riga, ga matarsa Tsahara, ga yaransu uku, ga bido biyar, jarkokin roba babu komai ciki, an ɗaure su da igiya ɗaya suna ƙwanƙwasar juna. Na leƙa bayansu, na sake leƙawa. Babu Inna. Labbo ko kunyar ido bai ji ba, ya ce mini wai mura ce ta kama ta, wai sanyin bana ya yi yawa, amma kar in damu, an samo hanya mafi sauƙi. Wai wani mai magani da ke baza kaya ranar kasuwa ya ce babu abin da ke wanke yana kamar ruwan teku. Bido ɗaya na Inna ne, sauran huɗun na maƙwabta, kowanne da sunan mai shi an rubuta da fenti. Yaya, mutum ya baro dashen albasarsa a tsakiyar aiki, ya ƙetare ƙasa biyu, ya bar mai ciwo a gida ya kawo mini robobi! Wallahi na ji kamar in mayar da shi cikin jirgin. Amma ga yara suna kallona, ba su taɓa ganin baffansu ba, sai na haɗiye na ce sannunku da hanya.

Kwana biyu ina fama da shi. Na kai shi ƙofar asibitin ya ga masu fitowa da bandeji a ido suna dariya. Ya ce shi bai yarda a sa wa uwarsa wuƙa a ido ba. Na ce ruwan gishiri da dattin gari duka fa? Ya ce ni na daɗe cikin masu cin kifi, na raina abin gida. Ni da nake aiko da maganin tarin Inna duk shekara, ni ne mai raina gida.

Ranar Nowel ɗin muka tafi bakin teku gaba ɗayanmu, tunda an riga an zo kuma yara ba su da laifi. Gari duka yana can. Masu ganga, masu gasa kifi, mata da sabbin atamfofi iri ɗaya, masunta sun jeru suna jan taru da waƙa. Yaran Labbo suka tsaya cak suka riƙe zanen uwarsu. Ƙaramar ta tambaya wa ya tara wannan ruwan, kuma ina ake kai shi da rani. Lauratu ta ja su, kafin a jima suna ta tsere da kumfa suna cika aljihu da ɓawon kifi. Tsahara ta sha ruwan kwakwa ta ce ba ya kama ciki. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya a ranar, irin wadda na daɗe ban yi ba, kuma duk dariyar da na yi sai in tuna wadda ya kamata a ce tana zaune kan tabarmar nan.

Shi kuwa Labbo bai zo kallo ba. Ya naɗe riga, ya ɗanɗana ruwan da yatsa, ya yamutse fuska ya ce abin da ya kai wannan ɗaci ba zai rasa magani ba. Na gargaɗe shi tekun nan ba gulbin Badagishiri ba ne, yana ja ta ƙasa. Bai ji ba. Ya shiga da bido har gwiwa, igiyar ruwa ta zo ta kwashe masa ƙafa, ta mirgina shi, hularsa ta tafi har yau. Masunta biyu suka jawo shi da wuyan riga yana tari yana salati. Da ya farfaɗo, abin da ya fara nema bidon Inna ne, ya ce zai koma. To a nan ne na yi abin da ke hana ni sukuni. Na ji tsoron ya mutu a gabana, na karɓi robobin na shiga na cika su ɗaya bayan ɗaya. Da hannuna, Yaya. Na ce a raina in sun isa gida za a shafa a ƙafa, a yi wanka, a manta. Na san ba haka ba ne, na dai gaji da gardama.

Labbo na can yana shan rana yana karkarwa, sai Tsahara ta matso inda nake, ta ce in yafe mata, ba za ta iya komawa da ƙarya a baki ba. Inna ba ta yi mura ba. Ita Tsahara da kanta ta ɗaure mata kaya, Inna ta sa aka kwance. Ta ce ita ba buhun albasa ba ce da za a loda a mota a aika wa mai shi. Ta ce ɗan da shekara tara bai taka ƙofarta ba, ɗan da bai ga kabarin ubansa ba, in yana so a buɗe mata ido ya zo ya kama hannunta da kansa. Labbo ya yi kwana biyu yana roƙonta har da hawaye. Daga baya Inna ce ta ce ya kwashi iyalinsa ya zo, ya gano mata yadda nake zaune, ko ina cin abinci, ko na rame. Shi kuma ya kasa kallon idona ya faɗi haka, ya ƙirƙiro mura.

Na yi fushi da Inna, Allah ya yafe mini. Ido ne fa, Yaya, ba goron biki ba da za a ƙi karɓa don an yi fushi. Tana cikin duhu tana gardama da mai kawo fitila. Kuma ku duka kun sani kuka yi shiru, har ke. Da an aiko mini tun farko, da cikin kwana goman nan na zo na ɗauke ta na dawo, ba wanda zai ce mini uffan a gareji. An bar ni na ƙone hutuna ina saya wa yara alewa. Amma in zan faɗi laifin kowa sai in faɗi nawa. Lokacin da Baba ya rasu labari ya same ni bayan kwana ashirin, na ce sai na haɗa abin zuwa. Shekara ta juyo, kunya ta ƙaru, na ce sai baɗi. Haka tara ta cika. Labbo ne ke ɗebo mata ruwa, shi ke kai ta bayan gida da hannu, shi ke jin faɗanta safe da yamma. Ni aike nake yi. Ba ni da bakin kiransa marar imani, wauta ce dai ta yi masa yawa.

Shekaranjiya Hamani ya dawo daga Tawa, ya ce ya tsaya Badagishiri ya gaishe ta. Ya tarar ana ɗiga mata ruwan nan da cokali safe da maraice, ruwan da ya kwana uku cikin roba a rana. Idon hagun, wanda ya rage mana, ya yi ja ya kumbura, yana ta zubar da ruwa. Ta ce masa zafin alamar yana aiki ne, kuma ba za ta bari ba tunda an ce mata Hayatu ne ya ɗebo da hannunsa. Kin ji. Likitana ta ƙi, amma wannan ta karɓa don sunana na kai.

Don Allah, don darajar iyaye, ranar da takardar nan ta same ki ki hau mota zuwa Tsarnawa ki kama ta Badagishiri. Ki zubar da ruwan nan a gabanki, kar ki bar ko kofi, kar ki yarda a ce za a ajiye don ƙafa. Ki bi gidajen huɗun nan ki gaya musu ni na ce kar wanda ya sa a ido. Ki kai Inna wurin likitan garin ya duba kumburin ya ba ta abin da ya dace, don an ce mini ba a yin aiki a kan ido mai ciwo. Labbo kuma ki yi masa faɗa a ɗaki, ba gaban matarsa ko maƙwabta ba, ya sha isasshen ruwa a nan.

Jiya na nemi izini wurin maigida. Ya ce yanzu aka buɗe, motoci sun yi layi, in na tafi kar in sa rai zan tarar da wurina, akwai masu jira. Shekara goma sha ɗaya ina masa aiki. Na ce na ji. Akwai injin da na buɗe, ba zan bar wa mutum motarsa a warwatse ba, zan haɗa shi in taso ran Litinin. In Allah ya yarda Alhamis ina gida. Likitan zai tafi ƙarshen wata, kwanakin sun isa in Inna ba ta ƙara mini da wata gardamar ba. Ki faɗa mata ina zuwa. Ki kuma faɗa mata kar ta nemi saurayin da ya fita da jaka a kafaɗa, gemu ya yi fari, haƙori biyu sun tafi. Zan yi sallama tun daga zaure da ƙarfi, ta gane ni da murya, sauran kuma ta gani da idonta bayan an cire bandeji.

Ki gaishe da Malam Kallamu, da Maryam da Salisu, da Gwaggo Zainabu in kin bi ta Dogarawa. Lantana na gaishe ki, ta ce ɗakin Inna na nan a share. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenki,
Hayatu