Na Koma Lambun Lalla Zubida Ni Kaɗai

Zuwa ga Nawal, sanyin idanuna, furen lemon zuciyata, ruwan dutse mai kashe ƙishin matafiyi,

Gaisuwa daga Tarik ɗinki, wanda ya ɓata miki rai. Kwana goma sha tara ke nan ba ki ɗaga wayata ba, shi ya sa na koma ga takarda.

Jiya Lahadi na tuƙa tasina zuwa kwarin Urika, babu fasinja, har ƙofar lambun Lalla Zubida. Tsohuwar tana nan kan kujerarta a bakin ƙofa, tana karɓar masu zuwa kallo kamar jikokinta. Ta ɗaga tabarau ta dube ni, ta leƙa bayana. "Ɗana, ina ɓarauniyar rummanina? Ko wannan bakin naka ya kore ta?" Wallahi, Nawal, sai kawai na wuce ciki.

Kin tuna? Ranar da na kawo ku ke da innarki, na bi ku ciki don kawai in ƙara ganinki. Kika tsinki rumman ƙarƙashin allon da ya hana tsinka, kika fasa, kika miƙo mini rabi: "Ci, direba, don kada ka kai ƙarata." Na ci! Tun daga ranar ban ƙara mallakar kaina ba.

Jiya na bi layin zaitun, na ratsa furannin wardi, na zauna a bakin magudanar ruwan da kika wanke hannunki. Lemo ya yi fure, ƙamshi kamar zai kayar da mutum, ƙudan zuma na ta hidima, iyalai na ɗaukar hoto suna dariya. Ni fa? Me zan yi da ƙamshi in babu ke? Wa zan nuna wa dusar ƙanƙara a kan dutse? Aka kawo mini shayin na'ana'a, ya huce a gabana.

Ya hasken asubata, da kika ce za ki sa hannu a takardar aiki ki ƙara shekara a gonakin Sifaniya, na ce in kin sa kada ki dawo. Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Kina can durƙushe cikin zafin rumfunan leda don ki tsayar da gidanku, ni kuwa ina nan ina ƙirga kewata kamar ni kaɗai nake da zuciya. Kaico!

Na janye maganata. Ki sa hannu in haka ya fi miki. Shekara ce? Zan jira. Biyu ce? Zan jira. Ki dai faɗa mini ranar, ko da ruwa ake ko da iska, za ki same ni tsaye a tashar jirgin ruwan Tanja tun kafin a hango hayaƙinsa.

Ki ɗaga wayar, ko da zagina za ki yi. Muryar nake so.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Tarik