Kunnuwan Bhekani da Faifan Tsoho Mchunu

Msinga, 14 ga Maris

Zuwa ga 'yata Thokozile,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙafar nan taki mai kumburi. Yaya Pretoria, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An yi ruwa, masara ta yi kyau, baƙar akuyar nan kuma ta haifi biyu, dukansu marasa kunya kamar uwarsu.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. A waya kina katse ni tun ban kai rabin magana ba, takarda kuwa ba ta da baki. Aji huɗu na yi a makarantar mishan, yau za ki sha aji huɗun nan gaba ɗaya.

Albishirinki. Ɗanki Bhekani, jikana kuma ɗan mijin nawa na wasa, ya samu aiki bayan shekara uku yana ƙirga min awaki. Wani kamfanin jana'iza ne a Greytown ya ɗauke shi. Sun ba shi baƙar kwat da farar safar hannu, yana ɗaukar akwatin gawa, ana kuma koya masa shirya mamaci. Da ya zo ranar Lahadi cikin kwat ɗin sai na ce ya zauna nesa da ni, kada mutane su ɗauka auna ni ya zo yi. Na yi wa Allah godiya har gwiwata ta gaji.

To amma akwai magana, kuma gara ki ji ta daga bakina. Mai kamfanin, wani Hadebe, ya ce wata uku na gwaji ne, kuma ba zai riƙe namiji mai faifan itace a hudar kunne ba. Wai masu makoki ba za su so ɗan daba ko mawaƙi ya ɗauki gawar ubansu ba. Bhekani ya ce masa ba ado ba ne, kakansa ne ya sassaƙa masa su. Hadebe ya ce kakansa ba ya aiki a nan. Abokan aikin kuma sun samu abin yi. Wani direba Lindani ba ya kiran sa sai da “amarya”, kullum yana tambayar sa yaushe za a kawo shanun aurensa.

Ina jin muryarki tun daga nan: “Ai na faɗa miki, Mama.” E, kin faɗa. Ni na riƙe kan yaron yana ɗan shekara goma, babanki ya kira mai huda, ke kina can birni ba mu tambaye ki ba. A wurinmu yaron da ba a buɗe wa kunne ba bai fara jin magana ba tukuna. Haka aka yi min, haka aka yi wa babanki, har ya je Goli, birnin ma'adinai, ya yi aikin shekara talatin da faifai a kunne kamar marfin gwangwani, ba wanda ya kore shi. Na Bhekani ma fa ƙanana ne, baƙin itace, ba su fi maɓallin riga ba.

Ya gwada cire su, sai ramin ya fito fili, Hadebe ya ce wannan ya fi muni. Yanzu filasta yake mannawa a kunnuwan biyu kowace safiya. Jiya ya ce min wata tsohuwa ta bar kukan mijinta ta tambaye shi wa ya cije shi.

Ki yi masa addu'a. Ki kuma rubuto, ko zagi ne ina so.

Mahaifiyarki,
MaZondi

Msinga, 19 ga Mayu

'Yata Thoko,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan sanyin nan bai taɓa miki ƙirji ba. Na gode da bargon da kika aiko, har kyanwa ta gode. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na farko da haushi, na biyu da tabarau.

Kin ce a kai shi likita ya ɗinke kunnuwan a huta. Ba ki yi ƙarya ba, aiki ba abin wasa ba ne, ni ma na ga yadda yaron nan ya rame lokacin da yake zaune. Ya ji maganarki. Likita ya ba shi ranar Litinin, biyu ga wata mai zuwa, kwana uku kafin gwajinsa ya cika. Da ya gaya min bai kalle ni ba. Ya zaro 'yan itatuwan daga aljihu ya ajiye min a cinya, ya ce, “Gogo, ki adana, ko ɗana zai so su.” Na ce wane ɗa, kai da ko budurwa ba ka iya tsayarwa a hanya? Ya yi dariya, ni ma na yi, sannan na shiga ɗaki na daɗe ina neman abin da ban ɓatar ba.

Ba zan hana shi ba. Sai dai ki sani, ranar da babanki ya gama sassaƙa su, hannunsa ya riga ya fara rawa, ya yanke yatsa sau biyu. Su ne abu na ƙarshe da ya yi da wuƙarsa.

Wani labarin kuma, tsoho Mchunu na hayin rafi ya rasu shekaranjiya, abokin babanki tun zamansu a Goli. Kin tuna shi, mai dariya kamar jaki ya ga dawa. Ya kai tamanin da bakwai, ya ci tuwonsa da nono, ya jingina da bango, shi ke nan. Matarsa MaDladla tana zaune a kan katifar makoki, ni nake kwana biyun nan kusa da ita. 'Ya'yansu suna nesa, sai Asabar ta sama za a binne shi. Kamfanin su Bhekani ne suka ɗauki gawar. Kada ki dube ni, su ne mafi kusa.

MaDladla tana da damuwa guda. Mchunu ya sha gaya mata kada a kai shi wurin iyayensa da kunne fanko, ba za su gane shi ba. Faifan da yake so kuwa su ne na samartakarsa, masu ja da fari da kore, waɗanda ya zo da su daga Goli. Ta buɗe akwatinsa, guda ɗaya ne kawai. Wai ɗayan ya faɗi wurin faɗan sanda tun kafin aurensu. Ta ce ba za a binne mutum da kunne ɗaya a cike ɗaya a wofi ba, gara a bar su duka.

Thoko, zan tsaya nan. Akwai abin da nake juyawa a raina, kuma ban saba tunani mai tsawo ba, yana sa ni yunwa.

Ki gaishe da mutanen cocinku.

Mamanki,
MaZondi

Msinga, 3 ga Yuni

Thokozile 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, kuma kina zaune, domin wannan wasiƙar ba ta tsaye ba ce.

Faifan Mchunu bai faɗi wurin faɗan sanda ba. Yana cikin tsohon gwangwanin shayina, ƙarƙashin takardar baftismarki, shekara sittin da ɗaya. Kafin babanki akwai Mchunu. Ya tare ni a bakin rafi ya cire shi daga kunnensa ya danƙa min, ya ce in riƙe har ya dawo daga Goli. Ya yi shekara biyu bai dawo ba, babanki kuwa ya dawo. Rufe bakinki, uwarki ma ta taɓa zama yarinya, kuma ba mummuna ba.

Na yi kwana goma ina shawara. In na fito da shi, na tona kaina gaban aminiyata tana cikin makoki. In na bar shi, mutumin zai tafi yadda ba ya so. Ranar Alhamis na ƙulle shi a bakin zane na je na durƙusa gaban katifar, na kwance ƙullin, na ajiye shi a gabanta. MaDladla ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Sai yau, ɓarauniya? Tun shekarar da na haifi ɗan fari ya gaya min. Ina jira ne in ga ko za ki mutu da shi.” Muka rufe fuska da bargo ɗaya muna dariya, matan da ke ɗakin suka ɗauka kuka muke, suka kama waƙar coci don su rarrashe mu.

Ranar Juma'a da safe aka je shirya gawa. A al'adarmu mai takaba ba ta tashi daga katifa, don haka ni ta aika da faifan tare da ƙanen mamacin, Baba Velaphi, da wasu dattawa biyu. Aka zaunar da ni a benci a waje. Ƙofar ɗakin ba ta rufu sosai ba, ni kuma ban ga dalilin taimaka mata ba.

Sun sa masa kwat lafiya. Da aka zo kan kunne sai aiki ya tsaya. Mchunu ya shekara goma bai sa faifai ba, ramin ya tsuke, ga sanyin ɗakin ajiya ya sandarar da fatar. Velaphi ya gwada sa masa faifan, bai iya ba. Babban ma'aikacinsu ya gwada turawa da ƙarfi kamar mai toshe kwalba, Velaphi ya buge masa hannu ya ce, “Za ka yaga min ɗan'uwa!” Hadebe da kansa ya shigo yana ba da haƙuri, wai ko a ajiye su a cikin akwatin kusa da kansa. Velaphi ya ce in haka ne shi ma ya riƙa ajiye takalminsa kusa da ƙafarsa yana yawo. Ya ce su ba shi gawarsa ya kai inda aka san mutane.

Duk wannan Bhekani yana gefe riƙe da tawul. Sai idon Velaphi ya sauka a kan filastar. Ya kira shi da sunan babanki ya ce, “Kai, jikan Ngubane, me kake ɓoyewa a nan?” Bai jira amsa ba, ya sa hannu ya ɓalle ta. Ya juya wurin Hadebe ya ce, “Kana da mai kunne a gidan nan, ka haɗa ni da kurame?”

Ɗanki ya dubi maigidansa, Hadebe ya ɗaga masa kai. Bhekani ya ce a kawo ruwan ɗumi da man shafawa. Ya jiƙa tawul ya naɗe kunnen, ya jira, ya sake, yana murzawa a hankali da yatsa biyu, yana yi wa tsohon magana ƙasa-ƙasa: “Yi haƙuri Baba, saura kaɗan, ado za mu yi.” Haka yake yi wa babanki kowace Lahadi bayan hannunsa ya daina aiki, ke ba ki taɓa gani ba. Ya kusa rabin awa. Ruwan ya huce aka sake wani, kuma da na leƙa da kyau, wanda ke riƙe da kwanon Hadebe ne, da kwat ɗinsa da komai. Na dama ya shiga, na hagu ya shiga. Na hagun shi ne nawa, ya fi ɗayan haske, domin ni na fi MaDladla iya ajiya.

Velaphi ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yauwa. Ga yayana.” Dattawan nan uku suka yi kuka kamar yara.

Da suka fito Hadebe ya same ni a benci, ya gaishe ni da hannu biyu, ya zauna. Ya ce nasa uban ma mai faifai ne, daga Nkandla. Wai yana makarantar kwana ya taɓa roƙon sa kada ya zo ranar ba da kyauta, don kada yara su yi dariya, tsohon kuwa bai zo ba. Da ya rasu, shi ya shirya shi da hannunsa, bai ko tuna da kunnen ba sai yau. Ban tsokane shi ba, Thoko, ki rubuta wannan a wani wuri, bai taɓa faruwa ba. Na dai kwance ɗaya bakin zanen na ba shi 'yan itatuwan Bhekani, na ce ga su, shi ne mai gida, ya yi yadda ya gani. Kada ki tambaye ni me ya sa na taho da su.

Ya kira yaron ya miƙa masa, ya ce baƙaƙe ne, sun dace da kwat, amma ranar da ya gan shi da masu ja da kore, ranar zai koma kiwon awaki. Da su a kunnensa ya ɗauki akwatin Mchunu ranar Asabar, a gaba, hannun dama. Ba wanda ya ce ɗan daba. Tsofaffi biyu ma sun kira shi gefe sun ce in tasu ta zo shi suke so. Lindani direba bai daina ce masa amarya ba, sai dai yanzu shi ke ɗauko masa ruwan ɗumi.

Jiya Litinin, ranar likita, Bhekani yana wurin aiki. An ce ya ci gaba da zuwa, ba sai an jira kwana ukun ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa MaDladla da ta riƙe bakinta shekara hamsin da wani abu, da Velaphi da bai taɓa iya riƙe nasa ba. Na gode wa Hadebe, ba kowane mai gida ke riƙe wa yaronsa kwano ba. Ke ma na gode miki, domin tsoron da kika ji na uwa ne, kuma da na tambaye ki tun farko da ya fi. Wannan ita ce ban-haƙurin, ba za ki samu wata ba, ki lallaɓa ta.

Gwangwanin shayin yanzu ba komai sai takardarki. Na gaya wa ɗan mijin nawa, ranar da tawa ta zo kada kowa ya taɓa min kunne sai shi, kuma ruwan ya zama mai ɗumi sosai, ya san ba na son sanyi. Ya ce, “Gogo, ke ai ko a akwatin sai kin gyara min aiki.”

Ki zo da Kirsimeti ki gan shi cikin kwat. Ki taho min da wani bargon, kyanwa ta ƙwace wancan.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
MaZondi