Zuwa Ga Mai Neman Jan Ƙarfe A Tsibiri

Hayyin Ashir, Alƙahira
Afrilu, 2014

Ya Badamasi, sanyin idona, inuwar tsakar ranata, ruwan randa a bakin mai azumi, sarkin masu fasa dutse na Bahar Maliya!

Sallama da gaisuwa mai yawan yashin tsibirin da ya ƙwace min kai. Ya aiki, ya zafin rana? Jan ƙarfen da kuke nema fa, ya yarda ya fito, ko har yanzu yana ja maka aji kamar yadda na ja maka da farko?

Saƙonka ya iso ta hannun Muktar, direban kamfaninku. Ina kwance ƙunshin, Lubna abokiyar ɗakina tana rantsuwa awarwaro ne. Sai ga dutse! Koren dutse, wai tsatsar jan ƙarfe ce ta rina shi, alamar arziki na kwance a ƙasa. Lubna ta yi dariya har ta dafe bango. Ni kuwa na wanke shi, na ajiye a bakin taga, kullum hantsi ya taɓa shi sai ya yi shar kamar gero bayan ruwan fari, in tsaya ina kallonsa har shayina ya huce. Ka ga abin da ka mai da 'yar mutane?

Ka tuna yammacin da muka hau tudun Muƙaɗɗam da su Lubna? Alƙahira ta shimfiɗu a ƙarƙashinmu, hasumiyoyi sun yi ja kamar garwashi, na gyara mayafi ina jiran kalma mai daɗi. Na waiwaya, sai ga ka a durƙushe, ka fasa dutse da 'yar gudumarka, ka lasa, wai sai da danshi ake ganin ƙwayarsa! Kunya kamar in nutse. Amma a nan na ce a raina, mai haƙuri da dutse haka ba zai gaji da ni ba.

Ka ce injin haƙa ya fara taɓo jijiyar ƙarfen, shugabanku na so ka zarce har kaka. Wallahi na yi maka murna, na san rana nawa ta ƙare a kanka kafin yau. Sai dai Abba zai sauka ƙarshen Mayu ganin likitan ido a unguwar Dokki, nan Alƙahira, kuma ba daɗewa zai yi ba. Ya ce yana son ganin yaron nan da Umma ke yawan ambata. Ni ma da na gama jarrabawa iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ƙare, tare za mu koma Damagaram. In ba ka zo ba, wa zan nuna masa? Yaushe kuma zan sake ganinka? Wayyo, Badamasi! Ƙarfen nan yana kwance tun kafin a haifi Fir'auna, ba inda za shi. Jirgin Abba ne ba ya jira.

Yalla, maza nemi izini, ka hau kwalekwalen da ya fara tashi. Ka rage sumar nan, ka sa farar rigarka ta Juma'a. Idan Abba ya tambaye ka sana'a, don Allah ka taƙaita, mutumin ba shi da cikakkiyar lafiya. Sauran bayanin ka adana min, na yi alkawari zan saurare shi kaf, ko da zai ci rayuwata duka. Haka ma nake fata.

Taka ce ni, yau da gobe, har ranar da Nilu zai juya ya gangara kudu.

Fauziyya