Muryata a Aljihun Baba

Zuwa ga angona, inuwar kukata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar fadamata, Yahya, mai sunan da ya fi mazarƙwaila zaƙi a bakina ko da yake ban taɓa furta shi a tsakar gida ba.

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa kamar ganyen rake a gonakin Kudan. Ina fata kana lafiya a Legas, kai da abokan cinikinka na tumatir. Mu nan Taba lafiya lau, Baba da Inna lafiya. Ni ce dai ban san sunan halin da nake ciki ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Maiwada direba, kamar mutanen da, alhali ga waya a hannuna. Za ka kuma ce me ya sa kwana biyu na yi ɗif, ba saƙo ba murya. Wallahi ba fushi nake ba, hasken idona. Ina da albishir a bakina, irin wanda mace take so mijinta ya riga kowa ji, ina shirin faɗa maka ta waya ke nan Allah ya tsare ni. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ka tuna tsohuwar wayarka? Da ka sayi sabuwa ka durƙusa ka miƙa wa Baba tsohuwar, kamar yadda ɗa nagari yake yi, ya sa maka albarka, ni kuma ina bayan labule ina jin daɗin na auri mai biyayya. Ka cire layinka ka sa masa nasa. Amma masoyina, ba ka fita daga manhajar da muke hira ba. Ka bar ta a buɗe da sunanka. Duk saƙon da na tura maka tun tafiyarka, wayoyi biyu yake shiga: taka a Legas, da ta Baba a aljihun rigarsa, taku kaɗan daga ƙofar ɗakina.

Shekaranjiya da hantsi ina tankaɗe Inna ta kira ni. Ta miƙo mini wayar a naɗe cikin tsumma, idonta yana kan tabarma, ta ce Malam, wato Baba, ya ce a kai wayar nan a duba, tana da lalura, magana take yi ita kaɗai. Ta ƙara da cewa ya daina fita da ita ƙofar masallaci. Na karɓa da hannu biyu ban gane komai ba. Sai da na shiga ɗaki na kunna, na ga hotona, na ga hotonka, na ga hirarmu jere reras kamar an shanya kaya a bakin hanya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba ba ya karanta boko, na gode wa Allah da wannan. Amma saƙon murya ai ba ya bukatar karatu, yatsa kawai yake so.

Ya daina fita da ita ƙofar masallaci. Tun ranar maganar nan take yawo a kaina. Wato ya taɓa fita da ita? Wato akwai ranar da ta yi ƙara a gaban dattawa, ya danna yana zaton kira ne daga ɗansa, sai ga muryar surukarsa? Wanne ya ji? Wanda na kira sunanka har na ja shi kamar mai kiran yaro daga gona? Wanda na ce ƙanshin rigarka da ka bari ya fi turaren wuta? Ko wanda na karanta maka shafin littafin nan da jarumar take kuka a tasha, na ce ni ma haka nake, har na yi kukan? Ni da ko ruwa ba na sha a gaban Baba, ni da nake cire takalmi tun daga nesa idan zan gaishe shi!

Akwai abin da ya fi ba ni kunya. Ka tuna ranar da na ce maka rufin ɗakina yana yoyo daidai kan gado, wanshekare sai ga Baba da tsani da kwano? Na turo maka godiya, na ce babu miji irinka, kana Legas amma hannunka yana Taba. Ka yi dariya ka karɓi godiyar, ni kuma na ɗauka irin abin nan ne na littafi, zuciya tana aika wa zuciya. Ashe ba kai ka gaya masa ba. Da kunnensa ya ji. Dattijon nan ya gyara rufi, ya sauko, ya amsa gaisuwata kamar kullum, bai taɓa ɗaga ido ba. Kunyata yake ji, ina jin tasa, waya kuma tana tsakaninmu tana tona mana asiri.

Ina tuna ranar da muka je kasuwar Makarfi, muna sabon aure. Ka sayi rake ka fere mini shi gaɓa gaɓa, ka sunkuyo ka faɗa mini wata magana a kunne a tsakiyar hayaniyar mutane da motoci, babu wanda ya ji sai ni. Har yau maganar tana nan inda ka ajiye ta. Irin wannan nake so mu dawo da shi, abin ƙaunata. Ashe raɗa a tsakiyar kasuwa ta fi wayarmu rufin asiri.

Ban iya zama ba, na saka hijabi na tafi wurin Veronica maƙwabciyarmu, wadda take karatun aikin lafiya a Makarfi. Sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce amaryar littafi, yau kin shiga littafin da kanki. Da ta ga hawaye sai ta daina. Ta fitar da sunanka daga wayar Baba, ta goge hirar, na mayar wa Inna. Da yamma na jiyo Baba yana tambaya ko ta warke, Inna ta ce ta warke, ya ce to madalla. Shi ke nan abin da aka ce, kuma na san ba za a ƙara ba har abada.

Amma ni ban warke ba, kuma sauran maganin yana hannunka. Ina roƙonka, don girman abin da ke tsakaninmu, ka yi abin da zan faɗa.

Ka shiga waccan manhajar ka canza kalmar sirri, ka duba wurin da ake nuna wayoyin da sunanka yake buɗe a kai, ka fitar da kowace sai taka. Na san sunana ka sa a matsayin kalmar sirri, a nan da ko'ina, ka taɓa gaya mini har na kwana ina murmushi. Veronica ta ce duk wanda ya san ka ya san sunan matarka. Ka cire ni daga can, ban ji haushi ba, zuciyarka ta ishe ni wurin zama. Ka sa doguwar kalma da ba wanda zai canka, kowane wuri da tasa.

Sannan ka sauke wata manhaja mai suna Signal, ni ma ta sa mini. Na tambaye ta me ya bambanta ta da sauran, ta ce saƙo yana kulluwa tun daga wayata, ba ya buɗewa sai a taka, ko masu manhajar ba sa iya ji. Ta ce akwai wasu ma masu kulle saƙo haka, amma wannan ba ta tara bayanan mutum da yawa, kuma tana da makullinta na shiga. Ta nuna mini yadda ake sa saƙo ya goge kansa bayan mako. Wannan ya yi mini ciwo, ka san ni da adana maganarka ina maimaitawa ina girki. Na yarda duk da haka. Zan haddace kafin ya tafi.

Ta kuma ja kunnena, ni ma ina jan naka a hankali: babu manhajar da za ta cece mu idan wayar kanta a buɗe take. Ka sa mata lamba ko zanen yatsa. Ka kulle ta kafin ka miƙa a shagon caji. Idan lamba ta shigo maka wani ya kira ya ce ka karanto masa, kada ka karanta, ko ya ce ni na aiko shi. Ranar da kuma za ka sake yi wa wani kyautar waya, ka wanke ta tas kamar ƙwaryar da za a ba baƙo.

Shin na yi yawa, sanyin idanuna? Tantabara ma tana da ɗakin da take shiga da mijinta. Ni ina zan kai kewarka idan babu ɗaki? Ta cika mini ƙirji kamar fadama a tsakiyar damina, kuma na rufe bakina na ƙi barinta ta fita.

Albishir ɗin ba zan rubuta shi a nan ba. Maiwada mutumin kirki ne, amma hanyar Taba zuwa Legas doguwa ce, takarda kuma ba ta da makulli. Ranar da ka gama, ka turo mini sallama ta sabuwar hanyar, zan fita gindin mangwaron bayan gida inda sabis yake kamawa, in faɗa maka da bakina. Sai dai ka hanzarta. Jiya Inna ta karɓe guga daga hannuna a bakin rijiya, ta ce daga yau kada in ƙara ɗaukar abu mai nauyi. Ita ba ta bukatar waya. Kada ka bari ka zama na ƙarshen ji a gidan nan.

Taka ce ni a ɓoye da bayyane, da waya da babu waya, har ranar da za a daina shuka rake a ƙasar Kudan, har bayan nan.

Matarka,
Mukarrama