Mijina Na Son Bishiyoyi, Yayana Na Son Asibiti

Assalamu alaikum Anti Ikilima. Don Allah ki agaza mini da shawara tun kafin falona ya koma kotu. Na sauya sunaye, ko da yake duk Bahaushen da ya san mu a Madina zai gane mu. Ban damu ba kuma, na gaji.

Ni mai ba da magani ce a wani asibiti a nan. Mijina, bari in kira shi Sharfuddeen, injiniyan ruwa ne, muna zaune a unguwar Al-Khalidiyya. Yayana Abdulazeez, uwa ɗaya uba ɗaya, likitan yara ne, yana unguwar Al-Sih. Aminan juna ne tun suna makaranta, Yaya ne ma ya haɗa aurenmu. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci a gidanmu ake cin abinci, su yi ta tsokanar juna har la'asar.

Akwai wani dattijo, Shehu Bakri, haifaffen nan ne, kakanninsa suka zo ta Sudan. Allah ya buɗa masa a harkar otal-otal da dabino, irin arzikin da ba a tambayar yawansa. Hausarsa rabi Larabci ce, amma yana ji da ita. A wajen wani ɗaurin aure ya gano ashe kakarsa 'yar garinmu ce, wani ƙaramin gari a bakin kogi can gida Nijeriya. Bai taɓa taka garin ba, amma ya yi hawaye, ya ce zai kafa wa garin waƙafi babba kafin ya koma ga Allah. Sai ya kira mijina da yayana, ya ce su zauna su faɗa masa abin da za a yi. Anti, tun ranar ba mu sake cin abinci cikin kwanciyar hankali ba.

Mijina ya ce damina ta rikice, bana ambaliya, baɗi fari, don haka a yi jinga a tare kogin, a dasa itatuwa, a haƙa rijiyoyi masu sola, a kawo irin da ke jure fari. Wai idan ba a yi haka ba, ko asibitin zinariya aka gina, yaran da yunwa ta kayar zai yi ta karɓa. Yaya kuma ya ce bishiya sai ta shekara da shekaru kafin ta yi inuwa, yaro mai zazzaɓi kuwa ba ya jiran mako. Shi asibiti yake so, da ungozoma, da rigakafi, da jari ga mata. Kowanne kuma cewa yake idan aka raba waƙafin biyu an kashe shi. Kullum suna tura wa juna bidiyon manyan attajiran duniya da ke irin wannan gardama, kowa ya zaɓi attajirinsa kamar ƙungiyar ƙwallo.

Abin har ya shigo mini ɗaki. Mijina ya fara kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da rana tsaka, a zafin Madina fa, wai mu fara gyaran duniya daga gida. 'Yarmu Suhaila, wadda ba ta mayar da Hausa sai Larabci, ta ce masa, "Baba, khalas, haram alaik!" ta kwashi littattafanta ta koma gidan maƙwabta. Da Yaya ya zo da ƙatuwar motarsa, mijina ya leƙa taga ya ce ga hayaƙin da ke cinye gonakin garinmu ya iso. Yaya ya ce gara shi, bai taɓa hawa jirgi ya ƙetare teku don ya je taron hana hayaƙi ba. Aka yi dariya, amma irin wadda ba ta kai ciki ba.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Bara ƙanwarmu Mimi ta rasa ɗanta a can garin. Zazzaɓin cizon sauro ne, ruwa kuma ya yanke hanya, ba a samu an kai shi asibitin birni ba. Rannan muna cin abinci Yaya ya ce da akwai asibiti a garin da yaron yana raye. Mijina ya ce da ruwa bai cinye hanya ba da yana raye. Suka yi ta ja da sunan yaron nan a kan tire, ni kuwa na ajiye cokali na shige ɗaki. Tun daga nan Yaya bai sake zuwa Juma'a ba, sai dai ya turo gaisuwa ta waya.

Makon jiya Shehu Bakri ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Ya binti, ni na tsufa, waɗannan biyun kuma sun gajiyar da ni. Ke 'yar garin ce. Abin da kika ce shi za a yi." Ya ce in ba shi amsa kafin azumi, in ba haka ba zai bar wa 'ya'yansa su yi yadda suka ga dama, su kuwa ko sunan garin ba su iya faɗa ba.

Idan na bi mijina, Yaya zai ce aure ya mantar da ni ɗan Mimi. Idan na bi Yaya, mijina zai ce jini ya fi shi. Idan na yi shiru, garin ya tashi a tutar babu. Da safe ina ganin gaskiyar wannan, da yamma ta wancan. Yaya zan yi?

Wadda Aka Sa A Tsakiya, Madina

Wa alaikis salam, 'yar'uwa.

Da farko ki kunna mukayyif. Ki gaya wa maigida Anti ta ce duniya ba za ta gyaru don Suhaila ta yi hijira ba.

Allah ya jiƙan ɗan Mimi, ya sa mai ceto ne. Na karanta wasiƙarki da kyau, na ji abin da injiniya ya ce, na ji na likita, na ji na attajiri. Na Mimi ne ban ji ba. Ita ta tsaya a bakin ruwan nan da yaro a hannu, kuma da alama babu wanda ya tambaye ta. Ki kira ta. Ki ce ta tara miki matan unguwa da manoma da mai unguwa, ki saurare su a waya ko da zai cinye miki hutun mako. Wataƙila abin da za su fara ambata ba ya cikin tsarin kowa daga mutanen naki biyu, gada ce ko kwalekwale ko ruwan sha.

Su biyun kuwa, ba na ganin ɗayansu wawa ne. Yayanki ya wuni yana duba yara, dole ya ga cuta a ko'ina. Mijinki ya wuni yana auna ruwa, dole ya ga ambaliya a ko'ina. Kowa ya ɗauko abin da ya iya ya ce shi ne ceton gari, kuma kowa na son Shehu ya ce nasa ya fi. Wannan na ƙarshen ba za su yarda da shi ba, kada ma ki wahalar da kanki. Attajiran da suke turo wa juna, da duk ma'aikatan da ke kewaye da su, ba su gama wannan gardama ba, don haka kada a ɗora miki ita a bakin murhu.

Tunda kin tambaya, ga nawa ra'ayin. Abin da ke kashe mutum bana shi ake fara tarewa, saboda haka ni da magani da ungozoma zan fara. Amma waƙafi ba sadakar rana ɗaya ba ce, duk shekara yana haihuwa. Ki roƙi Shehu a rubuta tun yanzu cewa akwai kason da ba a taɓawa sai don ruwa da gona, domin aikin da ba ya kuka shi ake mantawa. Maganar wai idan an raba an kashe shi, ban yarda da ita ba. Ke da kanki kin san rigakafi ba ya zama sai da sanyi, sanyi kuma sai da wuta, wannan aikin mijinki ne. Asibitin ma sai an san inda ruwa ba ya kaiwa kafin a kafa shi. Wani abu dai dole ya jira, kuma wanda nasa ya jira zai ɓata rai. Ki bar shi ya ɓata, zai huce.

Kada ki kai wa Shehu amsa a ɓoye. Ki je Al-Sih da kanki ki ce wa Yaya ya zo ranar Juma'a, ki zaunar da su, ki faɗa musu abin da mutanen gari suka ce da abin da kika yanke. Ki kuma kafa musu sharaɗi ɗaya, kada wanda ya sake kawo sunan yaron nan a matsayin hujja. Daga nan ku tafi wajen dattijon ku uku, kada ku bari azumi ya riske ku. Mai niyyar alheri a wannan shekaru ba a sa shi jira.

Ba zaɓe tsakanin miji da ɗan'uwa aka ba ki ba, amanar gari aka ba ki, kuma ina ganin Shehu ya san wadda ya zaɓa. Allah ya yi miki jagora, ya karɓa daga gare shi, ya sa garinku ya amfana. Idan kin shiga Rauda a Masallacin Annabi, ki tuna da Antinki a addu'a.

Anti Ikilima