Na Sauya Ƙarshen Wasan Kawu Bai Sani Ba

Malam Abdulghaffar, don Allah ka taimake ni. Saura kwana goma sha biyu a yi wasa, ni kuwa ko abinci ba ya shiga.

A 1983 kawuna Na'ibi, tela a unguwar Bab Makka da ke Jidda, ya shirya wasan kwaikwayo na waƙa, da jitar lantarki da ganguna, irin kiɗan rok da yake ji a kaset. Labarin wani alhaji ne da ya maƙale a Jidda, a ƙarshe kowa ya haɗa baki ana rera cewa gobe za a koma gida. A rufe suke yinsa a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ya-mu-ya-mu. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, sai ya miƙo mini littafin, ya ce in farfaɗo da wasan tun yana da rai.

Mu da za mu yi wasan duk a unguwar Ammariyya aka haife mu, nan cikin Jidda. Abokaina suka ce halas, magana ta ƙare, ba za su rera komawa Kano ba, garin da ba su taɓa gani ba. Wasunsu ma Hausar ji kawai suke yi. Wallahi ban ga laifinsu ba. Sai na sauya ƙarshen: alhajin ya zauna, jikokinsa suka rera rabi da Larabci cewa Jidda ce gida. Amma ni da na rubuta haka, har yau sai na bi kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, ya sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, nakan ji kamar ƙarya na sa musu a baki.

Yayana Yahya ya zo wurin gwaji ya ji. Ya ce na sayar da asalinmu, in ban mayar ba shi zai gaya wa Kawu. In na mayar kuma 'yan wasa za su watse. A sahun gaba za a ajiye Kawu a kan kekensa. Yaya zan yi?

Mai Jita, Ammariyya

Mai Jita, Allah ya ba Kawu lafiya.

Gyaran ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Amana aka ba ka, bai kamata mai ita ya ji labarin a bainar jama'a ba, ko daga bakin mai fushi. Gobe ka je ka zauna gabansa, ka buga masa sabuwar waƙar da kanka, ka tafi da Yahya. Tsoron yayanka ba shirme ba ne, gani yake ana share iyayenku.

Shawarata kada ka goge waƙar Kawu. Bar alhajin ya rera tasa yadda take, jikoki su amsa masa da tasu. Zancen iƙamar nan da ke damunka ma ka sa shi a waƙar, shi zai hana ta zama ƙarya.

In Kawu ya ƙi, wasansa ne. Ka yi masa shi yadda ya rubuta, ko da mutum uku ne, sannan ka zauna ka rubuta naka da sunanka. Allah ya sa a tashi lafiya, ya bar zumunci.