Kafin Ku Karɓi Jaririyata Kamar Yadda Kuka Karɓi Yayanta

Zuwa ga Babban Likita mai kula da asibitin masu ciwon fata da gidan renon da ke cikinsa.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni matar aure ce daga Wurma ta ƙasar Kurfi. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, da hannuna na rubuta wannan, na kuma aika wa jarida don kada ta maƙale a aljihun wani.

Na ɗaya. Da tabon kuturta ya fito mini a kafaɗa, malamin ɗakin shan magani ya turo ni wurinku da ɗana na fari, yana wata bakwai. A ƙofa aka kwance shi daga bayana. Na kau da kai, ban yi kuka ba, ban tambayi inda za a kai shi ba, domin surukata na tsaye, kuma a wurinmu mace ba ta nuna son ɗan fari a gaban manya, ko sunansa ba ta faɗa. Daga baya wata mai shara ta gaya mini an rubuta a katinsa wai uwarsa ba ta damu da shi ba. Ko shi ya sa a shekara ɗaya da rabi sau uku kaɗai aka nuna mini shi, ta taga?

Na biyu. Ni mai son karanta ƙananan littattafan labari ce. A cikinsu in ɗa ya ɓata ya dawo, da gudu yake faɗa wa uwarsa. Haka na yi ta tsara ranar sallamata a raina, har zanen da zan goya shi da shi na zaɓa. Da aka miƙo shi sai ya sandare kamar icce. Yau shekararsa huɗu. In ya faɗi ba ya kuka. Ba ya shiga wasan yara, sai ya zauna bayan rumbu yana kaɗa jiki gaba da baya. Amma duk baƙuwar da ta shigo, ko mai tallar nono ce, zai bi ta har zaure bai waiwayo ni ba.

An ce ana kula da yara sosai a gidan renon. Ƙiba kam ya yi. To wa ke goya shi? Na tambayi sunan wadda ta rene shi, mutum uku suka ba ni suna uku. Ƙeyarsa ta baje, gashin wurin ya cinye, kwanciyar kwana biyu ba ta yin haka.

Na uku. Yanzu na haifi mace, mun yi arba'in. Tabon ya ɗan dawo, malamin ya ce in zo da ita wurinku a Dutsin-Ma ranar kasuwa, wai awo kawai za a yi mata. Da wannan maganar aka raba ni da yayanta.

Roƙona, ranka ya daɗe, a bar ni in riƙa karɓar ƙwayata daga gida kamar yadda na ga wasu na yi. In dole a kwantar da ni, a bar dangina su riƙe jaririyar, mutum ɗaya da za ta san ƙamshin bayanta. A kuma goge abin da aka rubuta a katin yaron, ba gaskiya ba ne.

Ranar kasuwa zan zo, ba zan bar magani ba, amma ni kaɗai. Jaririyar za ta yini wurin 'yar'uwata mai shayarwa, a garin da ban faɗa wa malamin ba, kuma haka za mu riƙa yi har in ga amsarka da sa hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka naka a gabanka.

Wassalam.

Hajo matar Malam Ilu, Wurma.